Akwatin da Ba a Kullewa

Litinin, da hantsi

Yau ɗana Auta ya koma rumfa. Ni na sa shi gaba muka tafi, kamar ranar da na fara kai shi yana ɗan ƙarami. Duk kafintocin suka ajiye aiki suka zo suka ba shi hannu. Dogo, abokin wasana tun muna koyon riƙe zarto, har da shafa masa kai, yana cewa, "Aski kyauta suke yi a can? Da na sani da na bi ka." Aka yi dariya. Auta ya buɗe haƙora, amma ba dariya ba ce.

Akwatinsa na nan gefen nawa inda ya bar shi. Duk tsawon zamansa can ni nake shafa wa ƙarafansa mai. Ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba.

Tsohuwa, matata, ita ce ta ce in nemi takarda in riƙa gaya mata, ita kunnenta ya gaji. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan a allunan shaguna na tsince su da girmana, 'yata ta cike mini sauran. In sun karkace, haka nan.

Abin da nake so ɗaya ne, yaron nan ya zauna a rumfa. In ya bar ta, na san inda ƙafarsa za ta kai shi.

Talata, bayan azahar

"Baba, in zaga?" Haka ya tambaye ni yau, mutum mai mata da 'ya. Na ce, "Ni ne ƙofar bayin?" Ya ce to, ya ci gaba da tsayuwa. Sai da na ce je ka sannan ya tafi.

In an kira shi miƙewa yake zumbur, hannuwa a baya. Da aka kawo abinci ya ɗauki nasa, ya juya wa mutane baya, ya kewaye kwanon da hannu. Ba a gidana ya koyi haka ba. Na yi shekaru ina nuna masa yadda ake zama cikin mutane, wasu sun kwance mini aikin sun ɗaura nasu, kuma nasu ya fi nawa kamawa. Ban gane ba.

Alhamis, da safe

Kwaɗo a akwatin Mai Fenti.

Bari in faɗi yadda muke, ko don takardar nan ta sani. Tun da Maigidanmu marigayi ya kafa rumfar nan ba a kulle akwati. Mai gadi ya ja babbar ƙofa da yamma, shi ke nan. A ciki kuwa, abin da kake bukata ka ɗauka a akwatin kowa, ba sai ka tambaya ba, sai dai ka bar guntun katako mai alamarka a gurbin abin. Mai kaya in ya zo ya gani ya san wurin wa yake. Tawa layi biyu ne a gicciye. Ta Dogo ƙafar kaza. Na san alamar kowa, har ta waɗanda suka riga mu, da wanda ya koya wa wane, da abin da ya kawo kowa. Shi ya sa suke ce mini Rediyo.

A gaban Maigida, sa kwaɗo zagi ne. Ka ce wa duk rumfar ɓarayi ke nan.

Na ce wa Mai Fenti, "Wannan fa?" Ya ce ɓeraye. Na ce, "Ɓerayen bana buroshi suke ci, ko murfi suka koyi ɗagawa?" Ya ce, "Baba Rediyo ke nan," ya ci gaba da dama fentinsa.

Asabar, da yamma

Ba abin da ya ɓata. Na tambayi kowa. Ko ƙusa.

Litinin, bayan la'asar

Kwaɗuna sun ƙaru. Layin bango duk ya kulle.

Abin da ya ɗaure mini kai, ai ba ɗaukar kayan wani ne ya kai Auta can ba. Kowa ya sani. Abin da ya faru a bakin tasha tsakaninsa da wani mutum ne, hannu ya yi nauyi, sauran ba zan rubuta ba. In tsoron hannunsa suke yi, su matsa da kawunansu. Me ya haɗa zafin zuciya da kwaɗo?

Na tambayi Tsohuwa. Ta ce, "Mutane ba sa tsayawa rarrabewa, Malam. Wanda ya shiga can ya fito, duk laifin duniya nasa ne." Na ce ba haka aka koya mana ba. Ta ce, "Ku nawa kuka rage da aka koya wa?" Na ɗauki kofi na sha ruwa.

Gaisuwa dai lafiya lau. Auta ya aiki, Auta ya iyali. Hannu ɗaya na gaishe shi, ɗayan na laluben mabuɗi a aljihu.

Laraba, da hantsi

Muna haɗa ƙofa, gam ya fara bushewa, ana bukatar matsi. Namu duk suna kan wani aikin. Na ce wa Auta ya ɗauko na Dogo. Ya ce, "Bari ya dawo, Baba." Na ce, "Tun yaushe ake jira a rumfar nan? Ɗauko." Ya yanki guntun katako, ya yi alamarsa, ya kai ya ajiye a gurbin matsin.

Dogo ya dawo ya gani. Ya ɗaga guntun ya juya shi, ya ce, "Har yanzu alamarka kamar kaza ta taka kashi." Auta ya yi dariya, ta gaske wannan karon. Na ji sanyi a raina. Na ce a zuciyata ga yadda ake yi, sauran su gani su ji kunya.

Alhamis, da safe

Dogo ya sa kwaɗo.

Alhamis, bayan azahar

Ya ce matarsa ce ta sayo, ba ya son rigimar gida. Na ce, "Matarka da ko sunan zarto ba ta sani ba?" Ya ce, "Rediyo, bar ni in ji da abin da ke damuna. Kowa ya kulle, in na bar nawa a buɗe ni zan zama bare." Na ce, "To ni fa?" Ya ce, "Kai ubansa ne."

Ni da Dogo tare muka ci dukan Maigida. Tare muka ɗauki gawarsa.

Asabar, da hantsi

Na sami Shugaba a ɗan ɗakin da ake ajiye katako. Shugaban rumfa yanzu yaron da na koya wa jan layi ne da hannuna. Ya share mini kujera, ya aika a kawo mini shayi. Ladabi dai ba laifi.

Na ce masa dokar Maigida ta karye a hannunsa. Ya ce, "Baba, ba don kowa ake yi ba. Zamani ne. Kayan aikin yanzu ba irin na da ba ne." Na ce, "Zamanin nan ranar Litinin ɗin da Auta ya dawo ya sauka a gari?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da fensir.

Sai ya ce matar da muke yi wa ƙofofi ta aiko, kada a turo mata wanda ya fito daga gidan yari ya shiga mata gida. Haka ya faɗi sunan wurin, ƙiri-ƙiri, a gabana.

Na tuna masa yadda ake yi. In mutum ya yi abin kunya ya dawo, Maigida kan sa shi a bencin tsakiya, inda kowa zai gan shi, ya ba shi zartonsa na kansa ya riƙe. Ba a sake maganar. Na ce, "Akwai wani yaro da ya sha abin da ya sha ya kusa ƙone mana rumfa. Ka san a wane benci ya zauna washegari?" Kunnensa ya motsa. Ya ce, "Baba, wa ya tuna wannan?" Na ce, "Ni." Ya ce, "To, kai kaɗai ne."

Na bar masa shayinsa.

A hanya na yi ta lissafa su a kaina. Babu ko ɗaya a rumfar nan da ban san tabonsa ba, ko na ubansa. In na buɗe baki ranar taro babu mai ɗaga kai. Amma ba don haka aka bar mini su ba. Ko don haka ne? Ban sani ba.

Lahadi, da yamma

Matar Auta ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta ƙi tashi. Ta ce 'yan bakin tasha sun fara zuwa nemansa. Jiya ya bi su, sai magariba ya dawo.

Na kira shi. Ya zo ya tsaya, hannuwa a baya. Na ce ya zauna, ni ba mai gadinsa ba ne. Na tambaye shi me yake nema a wurinsu. Ya ce, "Ba komai, Baba. Su dai in na zo ba sa taɓa aljihunsu."

Na yi ta faɗa. Ban tuna abin da na ce ba. Yana ta to, to.

Talata, da safe

Ba abin da ya ɓata.

Talata, bayan la'asar

Na dawo daga salla na tarar da shi kaɗai a gefenmu. Na ɗaga murfin akwatina na duba. Ba abin da nake nema. Hannuna ne ya yi, ni ban sa shi ba. Da na ɗago muka haɗa ido.

Ya ci gaba da goge katakonsa da sanfefa, wuri ɗaya, har ya yi rami.

Abin nan cuta ce, kuma ana ɗauka.

Alhamis, da azahar

Bari in rubuta a jere, kaina ba daidai yake ba.

Da sassafe na tafi rumfa ni kaɗai. Mai gadi ya buɗe mini ya tafi neman abin karyawa. Na ɗauki babbar guduma da cizal na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya. Na Mai Fenti na fara. Na Dogo ya fi wuya, har na doki babban yatsana. Ban taɓa kayan kowa ba. Na jera kwaɗunan a bencin tsakiya, na ajiye guntun katako mai alamata a kansu, yadda aka saba, don kowa ya san aikin wane ne. Sannan na zaga baya in wanke jinin yatsan.

A tunanina za su zo su gani, su tuna, su ji kunya. Wallahi abin da na zata ke nan.

Ina baya na ji hayaniya. Da na shigo na tarar sun yi da'ira, Auta a tsakiya. Ya iso ne bayan na fita, suka same shi tsaye a gaban bencin yana kallon kwaɗunan. Babu wanda ya taɓa shi. Babu wanda ya ce ya yi. Shi da kansa ya tsuguna, ya ɗora hannuwa biyu a ka, ya kafa ido a ƙasa.

Na ce, "Ni ne na fasa." Ba wanda ya juyo. Na ƙara faɗa. Shugaba ya ce, "Baba, zauna tukuna." Na nuna musu alamata. Mai Fenti ya ce, "Layi biyu ne fa, wa ba zai iya ja ba? Balle ɗan da ya tashi yana ganinta." Na nuna yatsana. Ya ce kafinta da ciwon yatsa ai ba labari ba ne. Dogo ya dafa ni ya ce, "Rediyo, duk mun haifa. Mun san abin da kake ji."

Ni da na yi abu da hannuna, ina rantsuwa, an hana ni laifina.

Na ce wa Auta ya tashi. Bai ji ni ba. Sai da Shugaba ya ce tashi.

An sa taro ranar Asabar. Wasu na cewa a kira 'yan sanda, Shugaba ya ce a bari a ji tukuna. In aka kira su, da tarihinsa, ba sai na rubuta ba.

Juma'a, da safe

Tsohuwa ba ta yi mini magana ba. Ta ajiye abinci ta fita.

Juma'a, da yamma

Na je ƙofar ɗakinsa. Na ce, "Don kai na yi." Ya ce, "Na sani, Baba." Na fi son ya zage ni.

Asabar, bayan la'asar

An yi taro. Kowa ya sayo sabon kwaɗo, wasu biyu-biyu. Aka tambayi Auta, ya ce ba shi ba ne. Aka kira mai gadi, ya ce shi dai ya buɗe wa tsoho ya tafi, bai ga komai ba. Mai Fenti ya ce tsohon da ke ɗaga kofi da hannu biyu ba zai fasa ƙarfe irin wannan ba.

Na tashi ban nemi izini ba. Na ɗauki gudumar, na nufi akwatin Shugaba, mai sabon kwaɗo ƙato. Suna kallo. Na doka, na sake dokawa, hannuna na ta zamewa, numfashina na fita da ƙyar, har ya buɗe ya faɗi ƙasa. Na juyo na ce, "Saura na wa?" Sannan na fara kiran sunan Maigida, ina ce masa ya zo ya ga abin da suka mai da rumfarsa. Ban shirya wannan ba. Maganar ce ta fito da kanta.

Wani daga baya ya ce, "Ayya, tsufa." Sai na ga fuskoki sun saki. Wanda ke maganar 'yan sanda ɗazu shi ya kawo mini kujera. Shugaba ya karɓi gudumar a hankali kamar yana karɓar wuƙa a hannun jariri.

Hukunci: in huta a gida. Kulle akwati ya zama doka daga yau, don gudun irin haka. Auta ya riƙe bencina, ya ƙarasa ayyukan da na karɓa.

Da ana zaton shi ne, maganar 'yan sanda ake yi. Da aka yarda ni ne, sai kujera da sannu. Kwaɗunan kuwa su ne dai, fasawar ita ce dai. Na juya abin nan ta kowane gefe, ban gane ba.

Talata, da hantsi

Zaman gida. Na gyara ƙafar kujerar Tsohuwa da ba ta karye ba.

Laraba, da yamma

Auta ya dawo yana magana. Ya ce yau mutane sai sannu suke yi masa, wai yana haƙuri da tsoho, Allah ya ba da lada. Mai shayi ya ƙara masa burodi. Dogo ya kira shi ya riƙe masa katako, suka yi hira. Bai bi ta tasha ba.

Wato sai da aka sami wani karkatacce a gidan sannan aka ga shi a miƙe.

Na so in ce masa lafiyata ƙalau, gobe zan koma in nuna musu. Na buɗe baki, na ga yadda yake cin abinci, fuskarsa na kallonmu, kwanon a tsakiya. Na rufe.

Alhamis, da azahar

Matar Auta ta jiyo a wurin ɗibar ruwa. Mai Fenti na yawo da magana, wai hankalina garau yake, wasa na yi musu ranar taro don in rufa wa ɗana asiri, na farkon dai Auta ne ya fasa. Wasu sun fara gyaɗa kai. Shugaba ya ce Dogo ya zo ya duba ni, tunda shi ya fi kowa sanina. Abin da ya gani shi za a ɗauka.

Tsohuwa ta ce, "To, Malam, ya za ka yi?" Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Ƙarya ce ta tsayar da yaron a rumfa, gaskiya kuma ita za ta fitar da shi, alhali gaskiyar ba shi ya fasa ba. Wa zai warware mini wannan?

Asabar, bayan la'asar

Dogo ya zo. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Rediyo, yau ba labari?" Na dube shi. Ya ce, "Muna gardama ne a rumfa. Wa ya koya wa uban Mai Fenti aiki? Na ce bari in tambayi mai abin."

Amsar na bakina. Na san mutumin, na san alamarsa, na san ranar da ya zo da takalmi ƙafa ɗaya. Tun da nake ba a taɓa tambayata irin wannan na yi shiru ba.

Na ce, "Wane Mai Fenti?"

Ya matso ya leƙa fuskata. Ya ce, "Kai, bar wasa. Ka gane ni?" Na ce, "Kamar na san fuskar. Ɗan gidan wa ne kai?"

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da ya gani ba. Mutumin nan ya san ƙaryata tun muna yara, ko tari na yi ya san na gaske ne ko na gudun aiki. Idonsa ya kawo ruwa. Ya sa hularsa, ya ce wa Tsohuwa, "Sai haƙuri. Zan gaya musu jikin ya yi nisa. Yaron kuma kada ku damu, yana hannuna." A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Rediyo," a hankali, yadda ita ba za ta ji ba.

Da ya tafi Tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Yanzu shi ke nan, ba mai sake tambayarka komai." Na ce na sani. Ta ce, "Za ka iya? Kai da ko a barci ba ka yin shiru?" Na ce ta kawo mini ruwa.

Lahadi, da hantsi

Shugaba ya aiko. Gobe Auta zai je ya kafa wa matar nan ƙofofinta, shi da Dogo.

Yau na zauna a tsakar gida na jero su duka a zuci, daga Maigida har na ƙarshen da ya shigo, kowa da alamarsa da wanda ya koya masa. Ba wanda ya ɓace mini. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ga bakina na motsi ni kaɗai, ya girgiza kai, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Na ce amin.